Turbar Entoto: masu gudu suna hawa, masu itace suna sauka

Da yawa daga cikin ƴan kasuwarmu da suke zuwa Dubai ko ƙasar Sin sarin kaya sun san birnin Adis Ababa na ƙasar Habasha, amma iyakarsu filin jirgin sama na Bole, inda ake canza jirgi. Wanda ya dace da kujerar taga da rana, zai hangi wani dogon tudu arewa da birnin, itatuwa sun rufe shi. Sunansa Entoto, kuma ƙololuwarsa ta kai mita 3,200 bisa teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can cikin duwatsun Bagzan na Abzin, mita 2,022 gare shi. Ke nan shi kansa birnin Adis Ababa, da yake zaune bisa mita 2,300 da ɗoriya, ya ɗara shi. Yamai kuwa ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba.

Tun kafin fitowar rana, mutane iri biyu suke bin turbobin wannan tudu. Akwai samari da ƴan mata masu gudu, waɗanda daga cikinsu ne duniya take samun zakarun gudun famfalaki da muke gani a talabijin. Akwai kuma mata masu ɗauke da damin itace a baya, suna gangarowa kasuwa. Ƙasa ɗaya suke takawa, itatuwa ɗaya suke ratsawa, kowa abincinsa yake nema.

Itacen da ya ceci birni

Dajin Entoto dashe ne. Sarki Menelik na biyu ya fara kafa fadarsa bisa tudun, amma sanyi da iska suka dami mutanensa. A shekarar 1886 matarsa Taytu ta sauko ƙasa kusa da wani marmaro mai ruwan zafi, nan aka kafa Adis Ababa. Ba a daɗe ba jama'a suka ƙone itatuwan kewaye wajen girki da jin ɗumi, har sarki ya yi tunanin ƙaura da babban birnin. Wajejen 1895 aka kawo itacen turare daga Ostiraliya, wannan dai da muke dasawa bakin garake da fadamu. Habashawa suna kiran sa bahir zaf, wato itacen ƙetaren teku. Yana saurin girma, in an sare shi kuma ya sake tohuwa daga kututture. Shi ya hana birnin tashi, shi ne kuma ya zama filin horon masu gudu ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba.

Wanda ya saba ganin gudu a filin wasa zai yi mamakin yadda ake yin sa cikin wannan daji. Ba a miƙewa. Masu gudu suna jeruwa ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin raƙuma, na gaba yana zaɓen hanya, yana karkata dama, yana karkata hagu tsakanin itatuwa, ya hau gangare a kaikaice, ya juyo ya sauko. Na baya ba ya kallon sama, ƙafar na gabansa yake bi. In na gaba ya ga dutse ko saiwa ko rami, sai ya nuna da hannu ko ya ƙyasta yatsa, saƙo ya bi layi har ƙarshe. Sau da yawa gudun a hankali ake fara shi, har baƙo ya raina shi, sai an yi nisa zai gane ƙirjinsa ya cika.

Akwai dalili ga kowane ɗayan waɗannan. Ƙasa mai laushi da busasshen ganye suna rage dukan da gwiwa da ƙwauri suke sha, alhali kwalta ba ta da tausayi. Mai shirin gudun famfalaki yakan yi kilomita 150 zuwa 200 a mako, in ya yi su duka bisa kwalta ba zai kai ranar tsere da lafiya ba. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa sau ɗaya a mako suke taka kwalta, sauran kwanaki daji ne, ko ciyawar filayen Sululta da ke bayan tudun, ko hanyar tsakuwa. Karkace-karkacen kuma yana sa kowace jijiya ta ƙafa ta yi aiki, ba guda ɗaya ba ce take shan wahala kullum. Tafiya a ayari tana da wani amfanin: da duhun asuba akwai kuraye a dazuzzukan kewayen birnin, mutum ɗaya ba ya son haɗuwa da su.

Sai maganar iska. Duk yadda aka hau sama, iska tana raguwa nauyi. A Adis Ababa kowane numfashi yana kawo wa jiki iskar da ta gaza ta bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a ƙololuwar Entoto kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Jiki ba ya zama haka nan. Ƙoda tana sakin wani sinadari da yake umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu dakon iska zuwa ga tsoka. Wanda ya yi watanni yana gudu a can, in ya sauka Landan ko Balin sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Amma kada mu ɗora komai bisa iska. Akwai ƙasashe masu tsaunuka da suka fi na Habasha tsawo, ba su fitar da zakaran gudu ko ɗaya ba.

Ƙaramin gari, zinariya goma

Mafi yawan masu gudun Entoto ba ƴan birni ba ne. Daga karkara suke zuwa, kuma garin da ya fi suna shi ne Bekoji, cikin yankin Arsi, sama da kilomita 200 kudu da Adis Ababa, bisa mita 2,800. Gari ne na manoman alkama da sha'ir da makiyaya, mai kasuwar dawaki da jakuna, wanda a ƙidayar 2007 bai kai mutum 20,000 ba. Ko gundumar wata unguwa ta Maradi ta fi shi jama'a. To amma tsakanin 1992 da 2012 ƴaƴan wannan gari sun ci lambar zinariya 10 a wasannin Olamfik.

Mu lissafa, domin lissafin yana da daɗi ga iyayenmu mata. Derartu Tulu ta ci 2, a 1992 da 2000. Fatuma Roba ta ci gudun famfalaki a Atlanta a 1996. Tirunesh Dibaba ta ci 3, biyu a Bejin a 2008, ɗaya a Landan a 2012. Tiki Gelana ta ci famfalaki a Landan a 2012. Kenenisa Bekele ya ci 3. Bakwai cikin goma, mata ne suka kawo su gida.

Derartu ta tashi tana kiwon shanun iyayenta. Ranar da ta ci tseren mita 10,000 a Basalona ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki zinariyar Olamfik, kuma ta zagaya fili riƙe da hannun Elana Meyer, farar mace ƴar Afirka ta Kudu da ta zo ta biyu, a daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata yake rushewa. Ƴan uwanta na jini, su Tirunesh da Ejegayehu da Genzebe Dibaba, suka biyo sawunta. Wanda ya fara horar da yawancinsu wani malamin motsa jiki ne na makarantar garin, Sentayehu Eshetu. Kayan aikinsa usur ne, da wani ɗan dajin turare a gefen gari mai gangare, da filin jar ƙasa da yara suke nome ciyawarsa da hannu bayan damina. Da safe yara sama da ɗari sukan taru wajensa, wasu da takalmin roba, wasu ba takalmi. An yi fim a kansa a 2012.

Sakamakon wannan horo ya fi fitowa a gasar gudun daji ta duniya, wadda ake yi cikin ciyawa da taɓo da tudu. Kenenisa ya ci kambinta na manya har sau 11 tsakanin 2002 da 2008. Wanda ya koyi gudu tsakanin kututture, taɓon Turai wasa ne gare shi.

Abincinsu ma ba na kanti ba ne. Akwai injera, wani faffaɗan waina mai tsami kamar sinasir, da ake yi da garin tef, hatsi mai ƙananan ƙwayoyi kamar acca. Akwai beso, garin soyayyen sha'ir da ake damawa da ruwa da zuma ko sukari a sha bayan gudu. Duk wanda ya taɓa shan gumba ko fura bayan noma ya san aikin da yake yi.

Bakin tabkuna

Daga tsaunukan Arsi in aka gangara yamma, sai a faɗa wani babban kwari mai zafi inda tabkuna suke jere: Ziway, Langano, Abijata, Shala, can kudu kuma Hawasa. A nan gudu ya ɗauki wata kama, ya zama abin jawo baƙi. Garin Hawasa yana bisa mita 1,700, kilomita 275 daga Adis Ababa, kuma ana shirya tseren rabin famfalaki, kilomita 21, wanda yake bin gefen tabkin. Akwai dorina cikin ruwan, akwai kasuwar kifi inda babba-da-jika yake tsaye kusa da masu fiɗa yana jiran hanji. Ranar tsere masu otal da masu soya kifi da masu gahawa duka suna ciniki. A 2014 aka fara wani tseren na daji zalla cikin gandun Abijata da Shala, tsakanin itatuwan ƙaya da duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda Turawa suke biyan kuɗin jirgi su zo su sha wahalar da ɗan makiyayi yake sha kyauta.

Tabkin Shala ya kai zurfin mita 266, ya fi kowane a ƙasar. Maƙwabcinsa Abijata kuwa marar zurfi ne, mai ruwan kanwa, kuma shekara da shekaru yana ja da baya. Wata masana'anta tana jan ruwansa tana busarwa domin fitar da kanwa, manoman rani da gonakin furanni kuma suna jan ruwan Ziway da yake ciyar da shi. Inda da ruwa ne da dubban tsuntsaye, yanzu wani wuri farin fili ne mai ƙura. Mu da muka ga yadda tabkin Cadi ya yi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Gudu ma fatauci ne

Mun ce abinci ake nema, to bari mu buɗe littafin ciniki. Tun da Abebe Bikila, sojan fadar sarki, ya ci famfalaki a Rum a 1960 ba takalmi cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, yaran karkara suka gane ƙafa tana iya zama jari. Wanda ya nuna iyakar ribar shi ne Haile Gebrselassie. An haife shi a 1973 kusa da Asela, cikin Arsi ɗin nan, yana gudun kilomita 10 zuwa makaranta, 10 dawowa. Har ya girma hannunsa na hagu a lanƙwashe yake in yana gudu, kamar yana riƙe da littattafai. Ya ci zinariya a 1996 da 2000. A tseren Dubai na 2008 kaɗai ya karɓi dalar Amurka 250,000 (ba dalarmu ta tamma biyar ba), fiye da miliyan 100 na sefa, ladan gudun awa biyu da ƴan mintoci. Bai ɓatar da kuɗinsa a waje ba. Ya gina benaye, ya shiga sayar da motoci da noman gahawa, ya buɗe babban otal a bakin tabkin Hawasa a 2010. Shi da abokansa suka kafa babban tseren kilomita 10 na Adis Ababa a 2001 da mutum 10,000, daga baya ya haura 40,000, riga ce takardar shiga. Akwai kuma na mata zalla, kilomita 5, cikin watan Maris.

Wannan shi ne gefen da ake nunawa. Ɗaya gefen kowane ɗan kasuwa ya san shi. A bayan kowane Haile akwai dubban yara da suka bar gona, suka tare mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya a unguwannin gefen daji, suna jiran wata ƙungiya ta ɗauke su. Ƙungiyoyin na sojoji ne, da ƴan sanda, da gidan yari, da banki, da kamfanin lantarki, suna biyan ɗan albashin da bai wuce na ci da haya ba. Fita waje sai da dillali, galibi Bature, wanda yake nemo gayyata, ya yanki wajen kashi 15 cikin 100 na abin da aka samu, ban da kuɗin jirgi da haraji. Wanda ya zo na ɗaya ya gina gida. Wanda ya zo na goma sha biyar, minti uku ko huɗu a bayansa, yana iya komawa hannu rabbana. Jijiya ɗaya ta tsinke, jarin shekara biyar ya tafi, kuma ba wanda zai sayi ragowar kaya. Wasu sun sayar da ƙwarewarsu ga ƙasashen da suke biya, kamar Elvan Abeylegesse da ta koma gudu wa Turkiyya, da Maryam Yusuf Jamal da ta koma Baharen.

Kuɗin shiga sana'ar ma yana hawa. Takalmin Adidas da Tigist Assefa ta sa a Balin a 2023, ranar da ta yi awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, dalar Amurka 500 ake sayar da shi a lokacin, wajen jaka 300 tamu, kuma ba a yi shi don ya daɗe ba. Yaron Bekoji a gwanjo yake sayen nasa, in ya yage ya kai wa baduku. Abin da har yanzu bai biya ba shi ne turba.

Ko wanda ya yi arziki bai tsira ba. A rikicin da ya biyo bayan kashe mawaƙi Hachalu Hundessa a 2020, an ƙone otal-otal na Haile a Shashamane da Ziway, ɗaruruwan ma'aikata suka wayi gari ba aiki.

Masu saukowa

Mu koma Entoto wajen waɗanda ba a ɗaukar hotonsu bisa dandamali. A shekarun 2000 an ƙiyasta mata wajen 15,000 ne suke rayuwa da dakon itace a Adis Ababa. Mace takan fito da duhu, ta hau tudun, ta tsinci rassa da busasshen ganyen turare, ta ɗaure dami mai kilo 30 ko fiye, wanda faɗinsa ya fi tsawonta, ta goya shi da igiya a ƙirji, ta gangaro a duƙe. Wasu zuwa da dawowa sukan yi kusan kilomita 30. Masu gasa injera ne manyan masu saye, domin ganyen da ƙiraren suna ba da wuta mai sauri a ƙarƙashin faffaɗar tandarsu. A wancan lokaci cinikin yini sau da yawa bai kai dala ɗari tamu ba. Da yake dajin na hukuma ne, an sha ba da rahoton masu gadi suna ƙwace dami, suna neman na goro, har da cin zarafin mata cikin daji.

In za a auna wahala da ma'auni ɗaya, ba mu ga wanda ya fi wani ba. Mai gudu yana yin kilomita 25 ba kaya, ya dawo ya sha beso ya kwanta, domin hutu yana cikin aikinsa. Ita tana yin kwatankwacin haka da rabin nauyin jikinta a baya, ta dawo ta hura wuta. Iskar tudun da take ƙara wa jininsa ƙarfi ita ma tana shaƙa, sai dai ba dillalin da zai nemo mata gayyata zuwa Dubai. Matanmu da suke fita neman kara da itace nesa da gari, ko masu tallar nono da suke tako ƙasa daga ruga, sun san wannan lissafi ba sai an karanta musu ba.

An yi ƙoƙari. Wata ƙungiya ta matan da suka bar dakon itace ta koya wa membobinta saƙa da ɗinki, suna sayar da mayafai na auduga a Shiro Meda, kasuwar tufafin da ke gindin tudun. A watan Oktoba na 2020 gwamnatin Abiy Ahmed ta buɗe babban wurin shaƙatawa bisa Entoto, mai faɗin hekta 1,300, da hanyoyin tafiya da na keke, da gidajen abinci, da wurin hawan doki. Wasu daga cikin matan sun samu aiki a ciki, na shara da kula da wuri da sayar da abinci. Wannan alheri ne, ba ma musu. Amma wurin da aka kewaye aka sa masa ƙofa da mai karɓar kuɗi, ya tashi daga dajin kowa. Wadda ba ta samu aiki ba sai ta ƙara nisa neman itace. Shi ma birnin yana ta cin gefen daji da filayen ciyawa, gidaje da masana'antu suna hawa inda ake gudu jiya. Kenenisa ya ga haka da wuri, ya kashe kuɗinsa ya shimfiɗa filin gudu mai laushi a Sululta, amma fili mai zagayen mita 400 ba zai ɗauki dubban yaran da daji yake ɗauka ba.

Har wa yau akwai muhawara bisa shi kansa itacen turaren. Masana gandun daji suna cewa yana shanye ruwan ƙasa, ba ya barin ciyawa ta fito ƙarƙashinsa, ruwan sama yana zaizaye gangaren. Shi ya sa a wasu sassan Entoto ake cire shi, ana dasa itatuwan asali na ƙasar, waɗanda suke buƙatar shekaru da yawa kafin su yi inuwa, kuma ba a yarda a sare su ba. Ga mai gudu, ko wane itace ne, in dai akwai turba tsakani ya wadatar. Ga mai dami kuwa, turare ne kaɗai yake zubar da ganye da ɓawo da ƙirare duk shekara, in an sare shi kuma ya sake tohuwa.